Azumin Kiristoci a Ajilari: Neman shirun zuci a unguwar da ta san ƙarar bom

Duk wanda ya taɓa kwana a Ajilari, a gefen yammacin birnin Maiduguri, ya san unguwa ce da ba ta rabuwa da ƙara. Tun da jijjifi ladanai ke fara kiran sallah daga masallatan da ke kewaye, zakaru su karɓa, sannan 'yan garuwa su fito da kurarsu. Kafin hantsi titi ya cika da Keke Napep, wanda ya gaji babur tun bayan da gwamnatin Borno ta haramta hawan babura a birnin a shekarar 2011. Injin niƙa na kuka a wannan lungu, janareta na ruri a wancan, ga jiragen sama masu tashi da sauka, domin filin jirgin sama na Maiduguri da sansanin sojin sama ba su da nisa. Abu ɗaya ne ya yi tsit: layin dogon da ya ratsa yankin, wanda ya sa ake kiran wani sashe na unguwar Ajilari Cross. Jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, amma ya daɗe da daina zuwa.

A cikin wannan hayaniya ne, sau ɗaya a kowace shekara, ake kiran Kiristocin unguwar da na maƙwabtanta irin su Gomari da Bulumkutu zuwa ga wani aiki mai wuyar gaske. Ana so su rage ci, su ƙara sadaka, su kuma koyi yin shiru a gaban Ubangijinsu. Na farko da na biyu kowa ya san yadda ake yin su. Na ukun ne ke buƙatar bayani, musamman a wurin da shiru ya taɓa zama alamar cewa wani mugun abu na tafe.

Kwana arba'in na tuba

Lokacin da ake kira Lent yana farawa ne ranar Larabar Toka, ya kai mutum har bakin bikin Ista, wato tunawa da tashin Yesu Almasihu daga matattu a bisa imanin Kirista. Daga Larabar zuwa jajibirin Ista kwana 46 ne; idan aka cire ranakun Lahadi shida, waɗanda ba a azumtarsu, sai a sami arba'in, adadin kwanakin da Linjila ta ce Yesu ya yi a jeji yana azumi. A ranar farko limamin coci yana shafa wa kowa toka a goshi, tokar da aka samo daga ƙona ganyen dabinon da aka yi amfani da shi a Lahadin Dabino ta shekarar da ta gabata, yana tuna masa cewa daga ƙasa ya fito kuma can zai koma.

Ba kowace ɗariƙa ke kiyaye wannan lokaci ba. Katolika da Angilika da Methodist da Lutheran suna cikin waɗanda suka riƙe shi, yayin da majami'u da yawa ke da nasu lokutan azumi, galibi a farkon shekara. A dokar Katolika, azumi wajibi ne ranar Larabar Toka da ranar Juma'a Mai Kyau ga wanda ya kai shekara 18 bai shiga shekara ta 60 ba: cikakken abinci sau ɗaya, da ɗan abin taɓawa sau biyu. Daga shekara 14 kuma ana ƙaurace wa nama a ranakun Juma'a na lokacin. Mutane da dama a Najeriya suna ƙara wa kansu, su kame baki daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma, a daidai lokacin da hunturu ke ban kwana, zafin bazarar Borno ke kunno kai.

Abin da baƙo ba zai lura da shi nan take ba shi ne yadda ita kanta sujadar ke rage murya. A cocin Katolika ana ajiye waƙar Halleluya har sai daren Ista. Ana cire furanni daga bagade. Ƙa'ida ta ce kayan kiɗa su tsaya ga tallafa wa masu waƙa kawai. Ga wanda ya saba da sujadar Lahadi a arewacin Najeriya, inda Zumuntar Mata ke cika majami'a da ganga da tulu da kacau-kacau, wannan sauyi ne da kunne ke ji. Manufar ita ce a rage ƙarar waje domin mutum ya soma jin abin da ke gudana a cikinsa.

Azumin da ba a manta ba

Mutanen Ajilari ba sa buƙatar a gaya musu abin da toka ke nufi. Da yammacin Asabar, 1 ga Maris 2014, bama-bamai biyu suka tashi a yankin, a lokacin da jama'a ke taruwa wajen kallon ƙwallo, wasu kuma a wajen biki. Na biyun ya tashi ne bayan mutane sun rugo domin ceton waɗanda na farko ya rutsa da su. Fiye da mutum 50 suka rasu, ciki har da yara, kuma bom bai tambayi kowa addininsa ba. Kwana huɗu bayan haka, ranar 5 ga Maris, ita ce Larabar Toka ta wannan shekara.

Sauran kwanakin azumin ma haka suka tafi. Ranar 14 ga Maris mayaƙan Boko Haram suka afka wa barikin Giwa a cikin birnin. Ranar Litinin 14 ga Afrilu, cikin Mako Mai Tsarki, bom ya tashi a tashar motar Nyanya da ke Abuja da safe, da dare kuma aka sace ɗalibai mata 276 daga makarantar sakandaren Chibok. Aka yi Ista ranar 20 ga Afrilu iyaye ba su san inda 'ya'yansu suke ba.

Tarihin bai fara a nan ba, bai kuma ƙare a nan ba. A watan Fabrairun 2006, lokacin tarzomar da ta biyo bayan zanen ɓatancin da aka buga a ƙasar Denmark, an kashe Fada Michael Gajere na cocin St. Rita da ke Bulumkutu. A ranar 23 ga Disamba 2021, ranar da Shugaba Muhammadu Buhari ya ziyarci Maiduguri, rokoki sun faɗa Ajilari Cross da wasu unguwannin kusa da filin jirgi, aka rasa rayuka. Kiristocin wannan yanki, waɗanda da yawansu 'yan kudancin Borno ne da arewacin Adamawa, Margi da Bura da Kibaku da mutanen duwatsun Gwoza, suna shiga azumi ne ɗauke da wannan kaya a zuciya. Hausa ce harshen da ya haɗa su a majami'a, kuma da ita da yawansu ke kai kukansu ga Allah.

Shiru iri biyu

Maiduguri ta san wani irin shiru da ba wanda ya roƙa. Akwai shirun dokar hana fita, lokacin da titi ke zama fayau tun kafin duhu. Akwai shirun watan Mayun 2013, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci aka kuma katse layukan wayar salula na tsawon watanni, mutum bai san halin da ɗan'uwansa ke ciki a wata unguwa ba. Akwai shirun tsoro, lokacin da mutane ke gudun ambaton sunan ƙungiyar ko a cikin ɗakinsu, don ba a san wanda ke saurare ba. Akwai kuma shirun daƙiƙun da ke biyo bayan fashewar bom, kafin kururuwa ta fara. Duk wannan shiru ne da aka ɗora wa mutane, kuma yana ƙuntata ƙirji.

Shirun da malaman addu'a na Kirista ke koyarwa wani abu ne dabam. Mutum ne ke zaɓarsa da kansa, yana da lokacin farawa da na gamawa, kuma ana yin sa ne a gaban Wanda aka amince da shi. Manufarsa sauraro ce. Littafi Mai Tsarki cike yake da misalansa. A Littafin Sarakuna na Ɗaya, sura ta 19, Annabi Iliya ya gudu zuwa dutsen Horeb bayan an yi barazanar kashe shi. Iska mai ƙarfi ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, amma a cikin wata siririyar murya ce ya gane zuwan Ubangiji. Wanda ya ji ƙarar roka a kan rufin maƙwabcinsa yana karanta wannan labari da wani kunne na musamman. Hannatu, mahaifiyar Sama'ila, ta yi addu'a leɓɓanta na motsi ba a jin muryarta, har firist Eli ya zaci ta bugu ne. Abokan Ayuba sun zauna tare da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma masu tafsiri da yawa suna ganin wannan ne mafi alherin abin da suka yi masa, domin da suka buɗe baki sai suka ƙara masa ciwo. Karatun da ake yi a Larabar Toka, daga sura ta shida ta Linjilar Matiyu, yana umartar mai addu'a ya shige ɗaki ya rufe ƙofa.

Gadon hamadar Afirka

Wasu kan ɗauka wannan hanya ta Turawa ce. Tarihi ya nuna a Afirka ta yi ƙarfi tun farko. Antoni na Masar, wanda ya rasu a shekarar 356, ya bar dukiyarsa ya shiga hamada, dubban mutane suka bi sahunsa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka zauna a hamadar Masar, Ebagiriyus, wanda ya rasu a 399, ya lura cewa da zarar baki ya yi shiru sai zuciya ta fara surutu. Ya lissafa tunani takwas da ke kai wa mai addu'a hari: haɗama, sha'awa, son dukiya, baƙin ciki, fushi, kasalar ruhu, son yabo da girman kai. Almajirinsa Yohanna Kasiyan ya kai wannan koyarwa Faransa, tare da shawarar mutum ya riƙe gajeriyar addu'a guda, aya daga Zabura ta 70 mai neman taimakon Allah, ya riƙa maimaita ta duk lokacin da hankali ya tashi.

Dattawan hamadar sun bar wani misali da duk matar da ta taɓa sayen ruwa a hannun ɗan garuwa za ta gane. Idan aka zuba ruwa a randa yana gurɓace, ba a tace shi da motsawa. Sai an bar shi ya kwanta, laka ta sauka ƙasa, sannan mutum ya leƙa ya ga fuskarsa. Haka zuciya take, in ji su. Amma akwai gargaɗi a cikin misalin: fuskar da mutum zai gani tasa ce, da duk tabonta.

Daga baya Benedikt, a ƙarni na shida a Italiya, ya rubuta dokar zaman sufaye, inda ya ware babi guda kan kame harshe, ya kuma nemi a rage surutu da barkwanci a lokacin azumi. Najeriya ma tana da nata rabo. Fada Cyprian Michael Iwene Tansi, ɗan Aguleri a jihar Anambra ta yau, ya bar aikin ikilisiya a 1950 ya shiga gidan sufaye na Mount Saint Bernard a Ingila, inda ya rayu cikin aiki da shiru har rasuwarsa a 1964. Fafaroma John Paul na Biyu ya ɗaga shi zuwa matsayin mai albarka ranar 22 ga Maris 1998 a Oba, kusa da Onitsha. Akwai gidajen sufaye a Ewu ta jihar Edo da Awhum ta jihar Enugu, inda masu neman keɓewa ke zuwa. A 2016 kuma Kadinal Robert Sarah, ɗan ƙasar Gini, ya wallafa littafi sukutum da Faransanci kan ƙarfin shiru a zamanin da hayaniya ta yi wa duniya katutu.

A Maiduguri ma akwai labarin da ya shahara. Bishop Oliver Dashe Doeme, wanda ke jagorantar Katolikan Maiduguri tun 2009, ya shaida wa manema labarai a 2015 cewa a ƙarshen 2014, yana zaune shi kaɗai a ɗakin addu'arsa yana jan carbi, ya ga wahayin Yesu, wanda da farko bai yi magana ba, sai ya miƙa masa takobi, da ya karɓa sai takobin ya zama carbi. Ko mai karatu ya gaskata ko bai gaskata ba, abin lura shi ne inda shugaban ya je a shekarar da aka ƙona majami'unsa aka tarwatsa mabiyansa, da kuma abin da ya fito da shi ya miƙa musu a madadin makami.

Yadda ake koyonsa a ɗaki ɗaya

Tambayar mai hankali ita ce: ina mai ɗaki ɗaya a gidan haya, da 'ya'ya biyar da 'yan'uwan da suka gudo daga ƙauye, zai sami ƙofar da zai rufe? Amsar da malaman wannan hanya suka daɗe suna bayarwa ita ce ɗakin da ake nufi yana cikin ƙirji, kuma ana gina shi ne da kaɗan-kaɗan.

Abu na farko lokaci ne tsayayye. Minti goma kafin yara su farka, ko bayan an kashe janareta da dare, sun fi awa guda da ba ta da rana. Na biyu, a zauna a natse, a bar numfashi ya daidaita, a ajiye waya nesa da hannu. Na uku, a karanta ɗan gajeren nassi a hankali, sau biyu ko uku, a tsaya kan kalmar da ta taɓa zuciya. Wannan tsohuwar hanya ce ta sufaye, mai matakai huɗu: karatu, tunani, addu'a, sannan zama kawai a gaban Allah ba tare da neman wata kalma ba. Na huɗu, idan tunanin kuɗin makaranta ko bashin mai shago ya kutso, kada a yi kokawa da shi. A koma ga gajeriyar addu'ar da aka riƙe, kamar kiran sunan Yesu da neman jinƙai. Da dare kuma akwai binciken zuciya irin wanda Ignatiyus na Loyola ya koyar a ƙarni na 16: mutum ya bi ranarsa daga safe zuwa dare, ya gode, ya gane inda ya kauce, ya nemi gafara.

A majami'a, ranakun Juma'a na azumi ana bin Hanyar Gicciye, tashoshi 14 masu tuna wahalar Almasihu, ana durƙusawa a kowace tasha. Babban taron bishop-bishop na Vatican na Biyu, a takardarsa ta 1963 kan sujada, ya umarci a riƙa barin gurbin shiru a cikin ibadar jama'a. Wannan gurbi, bayan karatu ko bayan karɓar jibi, shi ne makarantar farko ga yawancin mutane.

Akwai kuma azumin harshe, wanda ya fi na ciki wuya. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, kuma baki shi ke yanka wuya. A garin da jita-jita guda a WhatsApp za ta iya sa kasuwa ta watse ko a zargi baƙo da abin da bai yi ba, wanda ya ɗauki alkawarin kwana arba'in ba zai tura saƙon da bai tabbatar ba, ba zai ci naman maƙwabci ba, ya yi wa unguwarsa hidimar da ta wuce ta kansa.

Lokacin da shiru ke ciwo

Ba gaskiya ba ne a ce wannan hanya tana da daɗi ga kowa. Ga matar da ta ga an kashe mijinta, ko yaron da ya kwana a daji yana gudu, rufe ido cikin shiru na iya dawo da abin da ake ƙoƙarin mantawa: zuciya ta riƙa bugawa, gumi ya keto, barci ya ƙaurace. Irin waɗannan mutane kan bar rediyo a kunne har safe don kada su zauna da tunaninsu. Ba raunin imani ba ne, rauni ne na ƙwaƙwalwa da ke da magani. Maiduguri tana da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya, kuma cocin Katolika na birnin ya buɗe cibiyar kula da waɗanda tashin hankalin ya girgiza, musamman mata da 'yan mata. Mai irin wannan hali ya fi kyau ya fara da ido a buɗe, cikin jama'a, da carbi a hannu ko Zabura a baki, ya kuma sami wanda zai gaya wa abin da ke damunsa. Shirun addu'a ba ya maye gurbin likita, kuma bai kamata a mai da shi wata hanyar danne kuka ba. Kashi mai yawa na Zabura kuka ne da ƙorafi a gaban Allah.

A nan ne kuma ake gamuwa da abu mafi nauyi, wato fushi. Wanda ya zauna shiru a Ajilari zai tarar da sunaye da fuskoki a zuciyarsa: wanda ya nuna gidansu, wanda ya mamaye gonarsu, tubabben ɗan bindigar da aka dawo da shi cikin gari. Addinin Kirista yana neman a yafe, kuma Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka kafa a Garkida a 1923 kuma ta fi kowace ɗariƙa asarar mabiya da majami'u a rikicin, ta tsaya kan koyarwar ƙin ramuwa. Amma yafiyar da aka furta da baki don liman ya ce a yi ba ta daɗewa. Sai mutum ya zauna da fushinsa, ya kira shi da sunansa a gaban Allah, yau da gobe, kafin ya iya sakin sa. Wannan ne ainihin aikin da ake yi a cikin shirun.

Abin da maƙwabci ya sani

Musulmin Ajilari ba baƙo ba ne ga wannan magana. Ya san i'itikafi a goman ƙarshe na Ramadan, ya san halwar sufaye da zikirin zuci, ya san cewa sallar da babu natsuwa a cikinta ta rasa ruhinta. Suratu Maryam ta ba da labarin yadda Maryam ta yi bakancen kame baki daga magana, da yadda Annabi Zakariyya ya yi darare uku bai yi wa mutane magana ba. Linjilar Luka ma ta kawo labarin bebantakar Zakariya kafin haihuwar Yahaya. A shekarar 2025 azumin biyu sun haɗu: Ramadan ya kama ranar 1 ga Maris a Najeriya, Larabar Toka ta zo ranar 5 ga wata, kwanakin da suka yi daidai da na bom ɗin 2014 da tokar da ta biyo bayansa. Watanni shida kafin nan, a Satumban 2024, ruwan madatsar Alau ya mamaye birnin, ya shiga masallatai ya shiga babban cocin St. Patrick. Aƙidun sun bambanta, kuma ba wanda ke ɓoye hakan, amma maƙwabta biyu da ke tashi kafin asuba, kowa na neman natsuwa a gaban Mahaliccinsa, suna da abin da za su gane a fuskar juna.

Kada kuma a ɗauka wannan shiru na nufin rufe baki a kan zalunci. Shugabannin Kiristocin Borno sun sha fitowa su yi magana kan kashe-kashe, da 'yan matan da har yau ba su dawo ba, da wahalar samun izinin gina majami'u. Hausawa sun ce shiru-shiru ba tsoro ba ne. Wanda ya tace zuciyarsa kafin ya buɗe baki, maganarsa ta fi nauyi, kuma ba ta cika zama fetur a kan wuta ba.

Ƙarshen azumin shi ne mafi tsit. Daren Alhamis Mai Tsarki ana kaɗa ƙararrawa, daga nan ba a sake jin ta. Ranar Juma'a liman yana shigowa ba waƙa, ya kwanta rubda ciki a gaban bagaden da aka tuɓe wa kaya, jama'a su durƙusa. Ranar Asabar ba a yin Mas da rana ko kaɗan. Rana ce ta jira a bakin kabari, irin jiran da iyalai da yawa a Borno suka sani, waɗanda har yau ba su ga gawa ba, ba su kuma ga mai rai ba. Sai da dare ake hura sabuwar wuta a ƙofar coci, a kunna kyandir, ƙararrawa ta dawo, ganguna su dawo, Zumuntar Mata su ɗaga murya.

Washegarin Ista Keke Napep zai ci gaba da ƙara a Ajilari, jiragen sama za su tashi, injin niƙa zai yi kukansa. Wanda ya riƙe mintunansa goma na kwana arba'in zai koma cikin hayaniyar nan da ɗan wurin da ya share a zuciyarsa, kuma aikin da ya rage masa shi ne ya ci gaba da komawa can kowace safiya.